Jinkirin jirgi: Mai ƙaramin guzuri ne ke kwana a ciki

Masana tarihin Kano suna danganta sunan unguwar Zaitawa da Shehu Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali. Wata ruwaya ta ce da niyyar aikin Hajji ya baro gida, ya yada zango a Kano, zangon ya zama masa mazauni. Ke nan unguwar kanta matafiyi ne ya bar mata suna.

Daga irin waɗannan lunguna na cikin Badala fatake suka riƙa ɗaura kaya a Kasuwar Kurmi, wasu su nufi Gwanja sayen goro, wasu su keta Sahara ta Agadas da Gadamus har Tarabulus. Tafiya ce ta watanni. Madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san zangon da za a sauka, da rijiyar da za a sha ruwa, da abin da za a yi idan hanya ta rufe.

Yau jikokinsu cikin sa'o'i suke cin wannan nisa, kuma irin matafiyan sun canza. Ban da manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da alhazan kujerar gwamnati, akwai matasan da ke fita da jakar goyo ɗaya: ɗalibi mai komawa Alkahira, ƙaramin ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou ko Dubai karon farko, mai Umarar da ya shirya wa kansa komai ta waya, da ɗan yawon buɗe ido da ya yi shekara yana tara kuɗi don ya ga Kigali ko Dakar ko Zanzibar.

Abin da ya haɗa su shi ne kuɗinsu a ƙididdige yake. Idan jirgi ya yi jinkirin awa shida, mai hali zai sayi wani tikitin ya kama otal. Mai jakar goyo kuwa a nan tafiyar take wargajewa. Saboda shi muka yi wannan sharhi, musamman da yake lokacin hazo ba ya saɓa alƙawari.

Matsalar ba ƙarama ba ce

A watan Disambar 2024, shugaban Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, Kyaftin Chris Najomo, ya bayyana alƙaluman watanni biyu kacal. A Satumbar wannan shekara an yi jigila 5,291 a cikin gida, 2,434 daga ciki ba su tashi a kan lokaci ba, an soke 79. A Oktoba an yi 5,513, aka samu jinkiri a 2,791, aka soke 111.

A taƙaice, kusan rabin jiragen cikin gida ba sa tashi a lokacin da aka rubuta a tikiti. Kuma waɗannan watanni ne da hazo bai sauka ba tukuna.

Mutumin Kano ya fi jin wannan a jikinsa, domin da yawa daga cikin jiragen ƙasashen waje daga Legas ko Abuja suke tashi. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, saukar da ake lissafawa a matsayin mafarin harkar jiragen sama a ƙasar nan. Shekara da shekaru Kano ce mashigar jiragen Turai, har kamfanin KLM na Holan ya daina zuwa a 2012. Yanzu mai son fita kai-tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano galibi sai ta Adis Ababa ko Alkahira ko Doha ko Jidda. Wanda bai dace da waɗannan ba dole ya fara hawa jirgin cikin gida, a nan kuma ake samun cikas.

Ba mu manta da Hajjin 2022 ba, lokacin da maniyyatan Kano kimanin 700 suka zauna jiran jirgi har aka rufe jigila, suka koma gida ba su sauke farali ba. Idan haka ta samu mutanen da hukuma ke tsaye a kansu, ina ga yaron da shi kaɗai ne da jakarsa?

Ba kowane jinkiri ne zalunci ba

Adalci shi ne a faɗi wannan tun da wuri. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta lulluɓe Kano, da Maiduguri, da Sakkwato, da Katsina. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan hangen da matuƙi ba zai sauka ba idan aka gaza shi. Idan Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, ta ce hange ya yi ƙasa, jirgin da ya kamata ya zo ya ɗauke ka ba zai ma baro Legas ba. Da damina kuma guguwa da tsawa ne suke tsayar da jirage.

Mutanen Kano ba sa bukatar a koya musu abin da mummunan yanayi ke jawowa. A ranar 22 ga Janairun 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai tafi Legas, aka karkato da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi hatsari wajen sauka. Mutum 176 suka rasu. Saboda haka matuƙin da ya ce ba zai tashi ba saboda yanayi ko saboda ya ga matsala a inji, ba abokin gaba ba ne. Gara a makara a isa.

Haka kuma ba Najeriya kaɗai ba ce. A Afrilun 2024 ambaliya ta gurgunta filin jirgin Dubai aka soke jirage sama da 1,000. A ranar 19 ga Yulin 2024 tangarɗar manhajar kamfanin CrowdStrike ta tsayar da kwamfutocin filayen jiragen sama a ƙasashe da dama. A ranar 21 ga Maris ɗin 2025 gobara a tashar lantarki ta sa aka rufe Heathrow na Landan kusan yini guda.

Amma akwai jinkirin da ba daga sama yake ba. Kamfani mai jirage kaɗan ya sayar da tikitin garuruwa da yawa, jirgi ɗaya ya yi Legas, ya yi Abuja, ya yi Kano, ya koma. Da zarar ya makara da safe, duk sauran zangon ranar sun makara. Ga filayen jiragen da ba su da fitilun saukar dare, rana na faɗuwa sun rufe. Ga tsayar da jirage saboda wucewar wani babba. Ga tsadar man jirgi da ƙarancin kayan gyara.

Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne shiru. A tara mutane tun safe, da tsofaffi da masu goyo, ba wanda zai fito ya ce ga abin da ake ciki, sai sanarwa ɗaya da Turanci cewa an ɗage tashi saboda "dalilan aiki". Hazo ba laifin kamfani ba ne. Barin fasinja da yunwa ba tare da bayani ba laifinsa ne, kuma doka ta hana.

Abin da doka ta ba ka

Sashe na 19 na Dokokin Sufurin Jiragen Sama na Najeriya na 2023 shi ne ya tanadi haƙƙin fasinja. Ga muhimman abubuwan da ke ciki.

A jirgin cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu, kamfani zai ba ka abin taɓawa da abin sha, da damar kiran waya ko aika saƙo. Idan ya wuce awa uku, kana da damar ka ce ka fasa a mayar maka da kuɗinka. Idan jiran ya shiga tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko an rufe filin jirgin, wajibi ne a ba ka masauki da motar da za ta kai ka ta dawo da kai.

A jirgin ƙasashen waje, bayan awa huɗu abinci ya wajaba, idan kuma jinkirin ya kai awa shida sai otal da mota.

Idan an soke tafiyar ba a sanar da kai a kan kari ba, ko an sayar da kujeru fiye da kima aka bar ka a ƙasa alhali ka zo da wuri, ban da mayar da kuɗi ko sauya maka jirgi akwai diyya: kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a cikin gida, kashi 30 a na waje. Diyyar takan faɗi idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar yanayi. Kuɗin da aka biya ta banki kuwa bai kamata mayar da shi ya wuce kwana 14 ba.

A kan kaya, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke aiki da ita, ta ba ka kwana bakwai ka rubuta ƙorafi idan jakarka ta lalace, da kwana 21 idan ta makara. Wanda ya wuce wa'adin ya yi wa kansa. Kuma kada ka fita daga ɗakin karɓar kaya sai an cika maka takardar rahoton ɓatan jaka an ba ka lambarta.

Wanda ya taso daga wata ƙasa ta Tarayyar Turai, ko zai shiga can a jirgin kamfanin Turai, yana ƙarƙashin dokarsu mai lamba 261 ta 2004, wadda diyyarta ke kamawa daga Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, idan laifin na kamfani ne.

Dokar ba ado ba ce. A Disambar 2024 NCAA ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni biyar, biyu na waje uku na gida, saboda saɓa wa wannan sashe. Sai dai wanda bai san haƙƙinsa ba ba zai tambaya ba, wanda bai tambaya ba kuwa ba a cika kiransa a ba shi ba.

Tarkon tikiti biyu

Babban kuskuren masu neman sauƙi shi ne raba tikiti. Mutum ya ga jirgi mai araha daga Legas zuwa Nairobi da ƙarfe 2 na rana, sai ya sayi na Kano zuwa Legas na safiyar ranar daga wani kamfanin daban. A takarda lissafin ya fita. Amma idan na Kano ya makara, kamfanin waje ba ruwansa, a wurinsa fasinja ne kawai bai zo ba. Sau da yawa ma da zarar ka rasa zangon farko, sai a soke sauran tikitin har da na dawowa.

Idan tafiyar duka a tikiti ɗaya take, mai lamba ɗaya, nauyin kai ka inda za ka yana wuyan kamfani, shi zai nemo maka wani jirgin. Idan babu makawa sai an raba, to a isa Legas ko Abuja kwana ɗaya kafin tashi, a kwana wurin ɗan'uwa ko ƙaramin masauki. Kuɗin kwana ɗaya bai kai asarar tikitin waje ba. Araha ba ta ado.

A zaɓi jirgin farko na safe idan ba lokacin hazo ba ne, domin shi jinkirin ranar bai taru a kansa ba. A kuma duba tazarar sauyin jirgi. Minti 50 a babban fili kamar na Doha ko Istanbul ba abin dogaro ba ne ga wanda bai taɓa zuwa ba. Awa biyu zuwa uku ya fi kwanciyar hankali. Idan jiran ya yi tsawo, wasu kamfanonin suna ba da otal kyauta ga mai jiran awa 8 zuwa 24, amma da sharuɗɗa, kuma sai an tambaya tun wajen sayen tikiti.

Sai maganar bizar ratse, wadda ta kayar da mutane da dama. Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza ko da wucewa kawai zai yi ta filayen jiragen ƙasashen Schengen na Turai, sai in yana cikin waɗanda aka keɓe. A Fabrairun 2025 wata fasinja 'yar Najeriya ta maƙale a Nairobi a hanyarta ta zuwa Manchester, saboda tikitinta ya bi ta Faris ita kuma ba ta da wannan biza. Kafin ka biya kuɗi ka san kowace ƙasa da ƙafarka za ta taɓa.

Ita kanta bizar a tabbatar ta dace da abin da za a je yi. A Nuwambar 2023 jirgi ya kai fasinjoji 264 Jidda daga Legas da Kano, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu, daga bisani aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Kada ka karɓi "ai haka kowa yake tafiya" daga bakin ejan. Ka buɗe shafin ofishin jakadancin ƙasar ka karanta, ko ka samu wanda zai karanta maka. Ka kuma ce ejan ya ba ka lambar tikitin ka shigar a shafin kamfanin jirgin, ka ga sunanka da idonka, ka tabbatar lambar wayarka ce a ciki ba tasa ba, domin can ake aika saƙon canjin lokaci.

Jakarka amanarka

Mai jakar goyo yana da wata riba: idan kayansa ba su wuce abin da ake shiga da shi cikin jirgi ba, galibi kilo bakwai, babu jakar da za ta ɓata, kuma sauya masa jirgi ya fi sauƙi. Wanda zai auna kaya kuwa, kada ya saka a ciki abin da ba zai iya kwana biyu babu shi ba. Magani da takardar likita, da caja, da tufafin canji ɗaya, da takardu, duk a jakar hannu. Fawa bank ma a hannu ake riƙe shi, ba a yarda a saka shi cikin kayan awo ba. Ruwa ko turare ko man shafawa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da ake nema ranar jajibiri ba ne. A yi allurar da gaske. Sayen kati ba allura cutar kai ne kafin cutar hukuma. A ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti a waya, a bar kwafi a gida, a kuma riƙe na takarda, domin waya takan mutu a daidai lokacin da ake nemanta.

Kuɗi a raba su gida biyu ko uku, kada a dogara da katin banki ɗaya. A ware abin da zai isa kwana biyu na masauki da abinci, a ɗauka babu shi sai ranar da ta ɓaci. Duk wanda ke ɗauke da abin da ya haura Dala 10,000 ko kwatankwacinta wajibi ne ya bayyana wa kwastam. Inshorar tafiya kuma ba almubazzaranci ba ce, ciwon kwana uku a asibitin wata ƙasa zai iya cinye kuɗin tafiyar baki ɗaya.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da ta zama haɗari: saƙo. "Ga ɗan ƙullin nan ka kai wa yayanka a Makka." A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya saboda jakar ƙwayar Tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu a ciki. A Agustan 2025 abin ya maimaitu: hukumar NDLEA ta sanar da kama wani gungu da ya liƙa sunayen masu Umara uku a jakunkunan da ba nasu ba, har aka tsare bayin Allah a Jidda kafin a wanke su.

Darasin a fili yake. Ka tsaya a kan kayanka har a auna. Ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka, idan jaka ɗaya ka bayar, takarda ɗaya za ka gani. Ka ɗauki hoton jakar a kan sikeli. Kada ka sayar wa kowa ragowar kilonka, kada ka riƙe wa baƙo jaka ko na minti ɗaya. Saƙon 'yan'uwa ma a buɗe shi a gabanka. Wanda ya ji haushin haka, gara haushinsa da kurkukun wata ƙasa. A kuma tuna cewa goro da wasu magungunan da muke ɗauka ba komai ba, laifi ne shiga da su wasu ƙasashen.

Idan an riga an makara

Kada ka zauna jiran sanarwa. Ka je wurin ma'aikatan kamfanin ka tambayi dalili da sabon lokaci, ka nemi a rubuta maka ko a aiko maka saƙo. Ka ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin. Ka adana katin shiga jirgi da rasit ɗin duk abin da ka kashe. Idan kana da jirgi a gaba, ka sanar da su nan take tun akwai kujeru a wani jirgin. Ka kira masaukinka a can kada su ba wani ɗakin.

Idan an hana ka haƙƙinka, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jiragen sama, tana kuma da shafin shigar da ƙorafi a intanet. Ka fara rubuta wa kamfanin, idan ya yi biris ka kai gaba da hujjojinka.

Abin da ba za mu goyi baya ba shi ne zagi da duka da fasa kaya da tare hanyar jirgi. Yarinyar da ke zaune a kanta ba ita ta ajiye jirgin ba. Wanda ya ɗaga hannu ya mayar da kansa mai laifi bayan da shi aka zalunta, kuma yana iya ƙarewa a hannun 'yan sanda ko a hana shi hawa jirgi.

Masu bin ƙasa ma su yi lissafi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar zaman kwana 90 ba biza a ƙasashen ƙungiyar, shi ya sa Kwatano da Lome da Akara suke da sauƙin zuwa. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice tun 29 ga Janairun 2025, kuma duk mun ga yadda iyakar Jibiya da Maraɗi ta kasance a rufe wata da watanni bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 sun kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su. Hanya takan rufe ba sallama. A bar wa na gida bayanin inda ake, a kuma riƙe lambar ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar da za a je.

Kiranmu

Ga NCAA: a fassara Sashe na 19 da Hausa da sauran manyan harsunanmu, a kafe shi da manyan baƙaƙe a filayen jiragen Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Kaduna, a karanta shi a rediyo. Haƙƙin da aka rubuta da harshen da mai shi ba ya ji, kamar babu shi ne. A kuma riƙa fitar da alƙaluman jinkirin kowane kamfani duk wata, domin mai saye ya san wanda zai ba kuɗinsa.

Ga hukumomin FAAN da NAMA da Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ƙarƙashin Minista Festus Keyamo: hazo ba baƙo ba ne, kowace shekara sai ya zo. Filayen jiragen Arewa su ne suka fi bukatar na'urorin saukar jirgi masu aiki da fitilun dare, kuma a gyara su kafin hunturu, ba a tsakiyarsa ba. A riƙa yin sanarwa da Hausa a filin jirgin Kano. A tsaurara sa ido a wurin awon kaya, domin abin kunya ne a ce sau biyu cikin shekara bakwai an liƙa wa marasa laifi jakar ƙwaya a fili ɗaya.

Ga kamfanonin jirage: kada ku sayar da tafiyar da ba ku da jirginta. Idan an samu matsala ku faɗa da wuri, ku ba da abin da doka ta ce tun ba a roƙa ba. Fasinjan da aka yi wa bayani yakan yi haƙuri.

Ga masu sayar da tikiti a Kano: sauƙin farashi ba shi kaɗai ne hidima ba. Wanda ya haɗa wa yaro tafiya mai tikiti biyu da ratsen da ba shi da bizarsa, bai gaya masa haɗarin ba, ya ci amana.

Ga matasanmu kuwa, ba mu ce kada ku fita ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma garin nan da tafiya aka gina shi. Amma kakanninku na Zaitawa da Kurmi ba su taɓa ɗaga ayari a kan zaton komai zai tafi daidai ba. Sukan ƙara guzuri saboda ranar da rijiya za ta ƙafe. Ku ƙara kwana ɗaya a lissafinku, ku ware kuɗin ko-ta-kwana, ku san haƙƙinku, ku tsare jakarku. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.